Inda Fenti Ya Ƙi Kamawa

Da damina ta ɗauke a garin Bogura, Mofizul ya sayo koren fenti zai gyara daɓen sumuntin tsakar gidan da suka tare cikinsa bara. Matarsa Shefali ta daɗe tana mita, wai santsin gansakuka ya kusa karya ta. Ya kankare daɓen, ya wanke, ya bar shi kwana biyu a rana, sannan ya shafa.

Ko'ina ya kama tsaf, ban da wani zagaye kusa da bishiyar gwaiba. Nan fentin ya kumbura, ya ɓare. Ya ɗora tafin hannu ya ji sanyi ƙalau, alhali rana na tsaka. Sau uku yana sake shafawa.

A rana ta huɗu, bayan azahar, yana durƙushe da buroshi sai ya ji ƙarar guga ya faɗa ruwa, can ƙarƙashin gwiwoyinsa. Sai kuma gugar igiya, a hankali, kamar mai jan ba ya da ƙarfi. Ya kira Shefali. Ta fito da ludayi a hannu tana tsokanarsa cewa warin fenti ya hau masa kai, amma ba ta ƙarasa ba ita ma ta ji ƙarar.

"Baban Nasrin, tashi daga wurin nan."

Maƙwabciyarsu, tsohuwa Inna Jobeda, ta saurare su tana ɓare tafarnuwa. Ta ce rijiya ce a wurin, tsohon mai gidan ya rufe ta a makon da mahaifiyarsa ta rasu, bai kuma gaya wa kowa dalili ba.

"Shekara hamsin kullum bayan azahar marigayiyar take ɗiban ruwa," in ji ta. "Kai ka zata sumunti zai hana ta?"

Mofizul ya yi dariyar yaƙe, amma washegari ya kawo maza biyu da guduma. Suka fasa. Ga rijiya, ruwanta garai-garai. A wani tudu daga ciki, tulun tagulla ne cike fal, yana sheƙi kamar da safe aka goge shi. Mazan suka tattara kayansu, ko shayin da aka dafa musu ba su tsaya sha ba.

Mofizul ya kewaye bakin rijiyar da gini. Ba wanda ke shan ruwanta a gidan. Da 'yarsu Nasrin ta zo hutu ta tambayi me ya kai su haƙa rijiya ga famfo, Shefali ta ce don ban ruwan kabewa ne, ta tura ta ɗauko shinkafa.