Amsa-kuwwar da ke Kaset ɗin Kawu

Waƙa ɗaya kawuna ya taɓa yi a rayuwarsa, shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma har yau da ita yake buɗe hira. Ranar Talata ya shigo ɗan situdiyona da ke bayan shagon gyaran waya, ya ajiye wani tsohon kaset a kan tebur a hankali.

Wai mutumin gidan rediyo zai sa waƙar a shirin tsofaffin waƙoƙi ranar Asabar, amma ya ce shuuu ɗin kaset ya fi muryar yawa. Ko a sake ɗauka tsaf kafin yammacin Juma'a, ko a ba wani gurbin.

Na ce, "Kiɗan ba zai ba ni wuya ba, Kawu."

"Wa ya yi maka maganar kiɗa, ɗan nan? Amsa-kuwwar! Ita mutane ke so."

Gaskiyarsa ne. A ƙarshen kowane baiti murya takan dawo sau uku, tana nisa tana dushewa, har tsigar jiki ta tashi. Mu a sana'ar dile muke ce wa wannan. Ban yi nisa a boko ba, amma dile na san shi. Ka gano tazarar da ke tsakanin murya da dawowarta, ka ƙirga sau nawa take dawowa, ka ji yadda take mutuwa, shi ke nan.

Na tambaye shi wace na'ura suka yi aiki da ita.

"Wata babba ce, 'yar waje," in ji shi, yana kallon silin. "Ba irin kayan wasanku ba."

Na ɗauki muryarsa, na zauna ina buga yatsa a tebur ina bin kaset. A baitin farko tazarar ta zauna daidai rabin bugu. Na saita. A na biyu sai ta makara. A na uku ta yi gaggawa. Na ce ƙila zaren kaset ne ya saki, na sa masa dile mai rawa-rawa.

"Wannan ai kamar na faɗa rijiya," in ji Kawu.

Na canza wani.

"Yanzu kuma na zama mai shela a tasha."

Haka Laraba ta wuce. Ranar Alhamis na zuba kaset ɗin a kwamfuta, na buɗe zanen muryar ya cika allo. Shi dile ba ya ƙari, ba ya ragi, abin da ka ba shi shi zai dawo maka. To a baiti na huɗu sai na ga amsa-kuwwar ta fara tun Kawu bai kai kalmar ƙarshe ba. A na shida, tsakanin dawowa ta biyu da ta uku, akwai wani ɗan tudu. Na ƙara sauti. Tari ne.

Na ce, "Kawu, na'urar nan taku mura take yi?"

Ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Can ya ce ba na'ura ba ce, abokinsa ne, Tela. Ba su da komai a lokacin, sai Tela ya zura kai cikin duron ruwa da babu ruwa yana maimaitawa. Da kaset ya fito, hoton Kawu ne kaɗai da sunansa a jiki. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ya ce, "Kai ba gwani ba ne? Kwaikwaya mana, har da tarin."

Na gwada, wallahi. Na yanka muryarsa, na matsar da kowace dawowa da hannu. Ya saurara, ya cire abin sauraron daga kunnensa.

"Wannan ni ne nake amsa wa kaina," in ji shi. "Babu daɗi."

Da yamma na ja Kawu zuwa shagon Tela, muka tarar da shi yana ɗinki. Bai ɗaga ƙafa daga keke ba. Na gaishe shi, na yi bayani.

"Yaro, gaya wa kawunka ya je ya kunna 'yar wajen."

"Yana jin ka, Baba."

"Bai ji ni ba shekara ashirin da shida, yau zai fara?"

Kawu ya ce, "Gaya masa zan faɗi sunansa a rediyo."

"Gaya masa kafin nasa."

"Kafin nawa? Amsa-kuwwa ce ke riga murya?"

"A baiti na huɗu na riga ka, kuma nan ne ya fi daɗi."

Kawu ya ce ya yarda.

Safiyar Juma'a muka mirgino duro daga wurin mai wankin mota, da ƙyar ya shiga ƙofa. Na rataya makirfo ɗaya a ciki. Tela ya cire hula, ya riƙe ƙugu, ya sunkuya yana mita a kan bayansa. Na saki kiɗa. Kawu ya rera baitin farko, ya tsaya. Shiru. Sai can murya ta taso daga duro.

Kawu ya daka tsawa, "Ka makara, tsoho!"

"Tsoho... tsoho... tsoho," in ji duron, a hankali, yana dushewa.

Kawu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Sai da na tsayar da kiɗa suka gama dariya, ɗaya a tsaye ɗaya a cikin duro. A ɗauka ta biyar muka samu. Kafin la'asar na kai wa mutumin rediyo, ya saurara har ƙarshe, ya rubuta sunaye biyu a takardar shirin, na Tela a sama.