Notuna a Bokiti Ɗaya

Dogo ya shigo garejin da baƙonsa a baya, yana rangaɗa sallama kamar wanda ya zo da abin arziki. Motarsa na nan inda ya bar ta, baki buɗe, ciki wayam. Injin yana ƙasa a kan wani tsohon buhu, an kwance shi ɗai-ɗai an wanke da fetur. Notunan kuwa an rarraba su a gwangwanayen madara, kowane gwangwani da inda kayansa za su koma.

Da motar nan yake kai 'ya'yan mutane makaranta, da ita ake ci a gidansa. Ranar Litinin za a koma daga hutu, kuma iyayen yara ba sa jiran kowa, in ba ka zo ba wani direban na bakin ƙofa. Shekaranjiya injin ya buga, ya kawo ta wurin Baba, bakaniken da ke taɓa ta tun tana hannun marigayi mahaifinsa. Baba ya kwance, ya duba, ya faɗi kuɗi, Dogo ya ji kamar an kwaɗa masa guduma. A gida ƙanin matarsa, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya ce wannan ai yanka ne ba gyara ba, ya haɗa shi da wani abokinsa da ake ce wa Injiniya. Dogo ya ce to, matambayi ba ya ɓata.

Baba yana zaune a kan benci yana goge sifana.

"Baba, wannan ɗan'uwa ne," in ji Dogo. "Hanya ce ta biyo da mu."

Tsohon bai kalli fuskar baƙon ba, hannunsa ya kalla. "Ɗan'uwa mai baƙin mai a farce. Sannu da zuwa, abokin sana'a. Ga shi nan, duba."

Injiniya ya yi turus, da gani bai san nan za a kawo shi ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya matsa wurin buhun don dole. Ya ɗaga fistin ya juya shi, ya bi jikin karanshaf da farce, ya miƙe yana share hannu a wando.

"Ka gama?" in ji Baba.

"A yi haƙuri, Baba," in ji Injiniya.

"Kai ba ka yi min komai ba."

Baba ya tashi a hankali, ya jawo wani bokitin roba. Ya ɗauki gwangwani na farko ya juye a ciki, ya ɗauki na biyu ya juye a kai. Manya da ƙanana, na sama da na ƙasa, duk suka cakuɗe. Da ya gama sai ya girgiza bokitin.

"Baba, me kake yi haka?" in ji Dogo.

"Kayanka nake haɗa maka. Mahaifinka har ya koma ga Allah bai taɓa kawo min alƙali ba. Tunda ɓarawo ne ni, gara ka kwashe tun ban sace maka wani abu ba."

"Wallahi ban ce kai ɓarawo ne ba."

"Ba ka ce ba. Mai cewa ka kawo."

Injiniya ya riga ya sulale waje. Dogo ya bi shi ya same shi yana ƙoƙarin tada babur.

"Nawa ka ce ya faɗa maka?" in ji Injiniya. Dogo ya maimaita masa kuɗin. Injiniya ya girgiza kai. "Kuɗin kaya kawai ya faɗa, bai sa na hannunsa ba. Ni zan yi, sai ka ƙara rabin wannan."

Dogo ya so a ce cutarsa aka yi, da ko ba komai zai sami wanda zai zaga. "To na ji, ka yi min. Zan nemo."

"Ba na haɗa injin da wani ya kwance. Noti ɗaya ya shiga inda ba nasa ba, gobe a ce ni na kashe maka mota. Balle na Baba. Shi ya koya wa wanda ya koya min, duk layin nan ba mai taɓa maka shi." Ya miƙo hannu. "Ɗan na man babur fa?"

Dogo ya ba shi.

Kafin ya juyo, ma'aikatan garejin sun turo motar bakin titi, sun jibge sassan injin a kujerar baya inda yara ke zama, baƙin mai yana bin soso. Har an shigar da wata motar a gurbinta. Dogo ya je gaban Baba ya zube gwiwa biyu a ƙasa. Ya ambaci Litinin, ya ambaci iyali, ya haɗa shi da darajar marigayi. Kunya ta ishe shi, don duk garejin an daina aiki ana kallonsa.

"Tashi, ɗana, kada ka ɓata wandonka," in ji Baba da murya mai taushi. "Ka gaishe min da mahaifiyarka."

Ya koma bakin titi ya tsugunna gaban bokitin. Ya zaro noti ɗaya, ya zaro wani, ya kara su. A idonsa duk ɗaya suke. Yana nan yana jujjuya su sai ya ji muryar tsohon daga ciki.

"Dogo. Bokitin nawa ne."

Dogo ya duba hagu, ya duba dama, ko leda babu. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa, ya juye notunan a kai, ya kai wa Baba bokitinsa da hannu biyu.