Nonon Hajo da Tsamiyar Hanyar Rogo

Kowace ranar kasuwa sai nonon Hajo ya zube a wuri ɗaya, gindin wata tsamiya da ke kan hanyar Falgore zuwa Rogo. Rabin ƙwarya ke tafiya, tare da cefanen gidanta. Fasinjojin a-kori-kurar Ɗantala kuwa sun daɗe da yanke hukunci cewa aljanin tsamiyar ne ke karɓar rabonsa. Shekara da shekaru, babu wanda ya tambayi dalilin da zai sa aljani ya sha nono ta hanyar watsa shi a zannuwan mutane.

Malam Zubair, sabon malamin kimiyya da aka turo daga Ƙaraye, ya shiga motar ya ga abin da idonsa. Da an doso tsamiyar sai Ɗantala ya danna birki don ya yi wa mai wurin sallama. Mota ta tsaya, nono ya ci gaba da tafiya.

Ya yi musu bayani har muryarsa ta dishe: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tsayar da shi, birki kuwa taya ya sani, bai san nono ba. Hajo ta ce ita dai nononta take so ya isa kasuwa.

Da mako ya zagayo Zubair ya zauna gaba, ya ce a gwada wucewa ba birki. Ɗantala ya ƙi, sai da Zubair ya yarda zai ɗauki laifin.

"To Malam, faɗa wa mai wurin da ƙarfi yadda zai ji," in ji Ɗantala.

Zubair ya leƙa ta taga a fusace, ya gaya wa bishiya sunansa da makarantar da yake koyarwa. Suka wuce. Ko ɗigo bai zuba ba.

A tashar Rogo ya hau buhun gyaɗa zai kammala darasi, sai ya tarar an riga shi: ashe aljanin tsoron Malam yake. Ya rantse ko babu shi a motar haka za a gani, ya ce su gwada. Hajo ta ce ba dai da nononta ba.

"Ɗana, ran kasuwa zan aiko a taso ka," ta ce.

Yanzu Ɗantala ba ya tayar da mota sai Malam ya zauna. Malam na tafe yana masifar bayaninsa, fasinjoji na roƙonsa ya ƙara murya, an kusa tsamiya.