Magen Kande da Mai Nono

Duk garin Rawayau an san magen Kande ba ta da faɗa. 'Yar Kwata ake ce mata, don a kwatar kasuwar Dutsin-Ma Kande ta tsamo ta, jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannu ba. Ta naɗo ta a mayafi ta hau babur da ita har gida. Da isowa ta zura wuri a zaren buhu ta ɗaura mata a wuya, don a san tana da uwar ɗaki, kada a jefe ta. Wurin bai daɗe ba ya ɓace, Kande ta manta da zancen. Mage ta taso da sanyin hali, har kaji na cin tuwo a kwanonta tana kallo.

Wadda ta raine ta da gaske kuwa Mairama ce, mai tallar nono daga rugar bayan gari. Kullum gidan Kande take fara sauke ƙwarya, su taɓa hira, ta tsiyaya wa mage ludayi guda a kasko, sannan ta sosa mata ƙasan wuya yadda take wa 'yan maruƙa. Da damina ta sauka nono ya wadata, 'Yar Kwata ta yi ɓul-ɓul.

To, a daminar nan ne abin ya faru. Mairama ta miƙa hannu kamar kullum, sai mage ta yi tsawa ta kafta mata farce a damtse, har jini.

"Kai! Yau kuma da wa aka tashi?" in ji Mairama tana dariya.

Kande ma ta yi dariya, amma da aka sake washegari, aka kuma sakewa, dariyar ta ƙare. Ita tana shafa bayan magen nan lafiya lau. Me ya sa sai Mairama? Kande mace ce mai kirki, amma in zargi ya shige ta, ko tari ka yi sai ta samo masa fassara. Tun tana yarinya take jin cewa mage na ganin abin da mutum ba ya gani. Nan ta shiga tuno abubuwa: akuyarta da ta yi ɓari bara, ai Mairama ta yaba ta. Jikar maƙwabta da ta kwanta zazzaɓi, ai Mairama ta ɗauke ta. Ta fara satar kallon idon matar, tana kau da kai in sun haɗa ido. Furar da aka dama da nonon ma ta daina sha.

Da mage ta fara ƙin abinci tana lafewa ƙarƙashin rumbu, tsoro ya gama kama Kande. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Saudatu.

"Saudatu, zan hwaɗa maki magana, amma ta tsaya nan. Wagga mage tawa, ba ta son ganin Mairama. Ni dai ban ce komi ba."

"Innalillahi! Inna Kande, kina nufin kurwa take kamawa?"

"Na ce maki ban ce komi ba."

Ai kuwa ta ce. Saudatu ba ta iya riƙe magana ko ta tsakanin azahar da la'asar, kuma ranar akwai suna a unguwa.

Washegari da hantsi Kande ta yi tofi a ruwa, ta ƙudundune mage cikin tsohon zane don ta shafe ta da shi, ko Allah zai sa a sake ta. Ta shafa kai, ta gangaro wuya. Mage ta ƙwalla ƙara, wani ɗoyi ya bugi hancin Kande. Ta buɗa gashin. Zaren buhun nan ne, yana nan inda ta ɗaura shi da hannunta. Mage ta yi ƙiba, zare bai ƙaru ba, ya nutse cikin nama, ciwon har ya yi ruwa, daidai inda Mairama take sosawa.

Ta sa reza ta tsinke shi. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta jawo mayafi za ta wurin Saudatu, sai ta ji sallama.

Mairama ce, ba a lokacinta ba, rana ta riga ta take. Ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai. Nono na nan cike har baki.

"Inna Kande, mi na yi ma garin nan? Yau ta ƙasan gari na faro, gida-gida ana ce mani an ƙoshi. Wata har janye ɗiyarta ta yi daga gabana. Ke ce ba ki ɓoye mani komi. Kin ji wani abu?"

Kande ta sunkuyar da kai. Zaren na dunƙule a tafin hannunta.

Mairama ta jira, ta gaji. Sai ta ɗauki ludayi, ta tsiyaya wa mage rabonta a kasko.