Malamarmu ta Gidan Rediyo

Duk ranar Asabar da yamma mai aski yakan ƙure rediyon shagonsa saboda shirin kacici-kacici. Akwai wata mai kiran waya da ta hana kowa sakat a shirin. Muryarta siririya ce kamar zare. Ba ta gaisuwa, ba ta faɗin suna, amsa kawai take jefowa ta kashe waya. Aka tambayi yawan ƙasusuwan jikin mutum, ta faɗa, har ta ƙara da cewa na jariri sun fi yawa. Mai gabatar da shirin, wani mai murya kamar zuma, ya laƙaba mata suna Malamarmu. Masu jiran aski sun yi ta gardama a kanta, wasu su ce likita ce, wasu su ce tsohuwar malamar makaranta ce da zaman gida ya isa.

Wata Asabar mai gabatarwa ya ce Malamarmu ta ci kyautar dutsen guga na lantarki, amma an yi ta kira ba ta ɗauka. Sai ya karanto farkon lambarta da ƙarshenta, ko wani ya san ta. Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani ƙeya, saura ƙiris ya buɗe masa titi a ka. Lambar matarsa ce.

Da ya koma gida ya jira sai da ta shiga kicin, sannan ya lallaɓa ya duba wayar. Ga kiran nan jere, Asabar bayan Asabar.

"Maman Tsinke, tun yaushe kika fara hira da mutumin rediyo?"

"Wane mutumin rediyo? Ni da Asabar da yamma ina wajen koyon ɗinki, wayar tana ɗaki tana caji?"

"To aljani ne yake kira da muryar mace siririya kamar zare?"

Ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai ka fara faɗa mini yadda aka yi kake ba da labarin muryar wata mata haka, har da cewa kamar zare."

Daga nan gidan ya koma kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Mai aski ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa. Ƙanwar matarsa ce ke zama da 'yarsu ranar Asabar, amma muryarta ta fi tasa kauri, kuma ba ta buɗe littafi sai in za ta yi fifita da shi. Akwai maƙwabciyarsu nas, mai yawan shigowa aron ashana. Ya gaishe ta da safe yana kasa kunne, ta amsa da muryar mura, ya tafi bai gamsu ba.

Wadda ko kusa ba ta faɗo masa a rai ba ita ce Tsinke, 'yarsu mai shekara shida. Har yanzu a juye take sa takalmi. In aka kunna injin aski kusa da ita sai an jawo ta daga ƙarƙashin gado. Malamar ajinsu ta aiko cewa ba ta iya riƙe fensir ba, rubutunta kamar kaza ta taka tawada. Gaskiya ne ba ta rabuwa da tsofaffin littattafan kawunta, har da takardar cikin kwalin magani, amma shi a ganinsa hotuna take kallo.

Asabar ta zagayo, ya rufe shago ya ce wa mutane ciki ne ya murɗa masa. Ya shiga gida ta ƙofar baya, ya laɓe a bayan labulen ɗaki. Ƙanwar matarsa tana kan doguwar kujera tana barci baki buɗe, rediyo yana magana shi kaɗai. Yana jiran nas ta yi sallama, sai ya ga Tsinke ta jawo kujerar tsuguno, ta hau, ta zare wayar daga caji, babban yatsanta yana baki.

Mai gabatarwa ya tambayi abin da ke sa wata ya riƙa canza kama. Tsinke ta danna lamba, ta zare yatsa daga baki, ta miƙe wuya. Muryar da ta fito ba irin ta shagwaɓar da ya saba ji ba ce, a miƙe take kamar ta mai karanta labarai.

"Ba ya canzawa. Ɓangaren da rana ta haska ne muke gani."

Ta kashe waya ta mayar da yatsa. Mai aski ya fito daga bayan labule. Tana ganinsa ta fashe da kuka.

"Baba, kada ka gaya wa mutumin rediyo gidanmu."

"Don me?"

"Na san ba a cikin rediyon yake ba, muryarsa ce ke biyo iska. Amma idan shi ma ya biyo ta fa?"

Da matarsa ta dawo ya ba ta labari, ta ce ba ta yarda ba, wata dabara ce ya ɓullo da ita don kada ya ba ta haƙuri. Sai da Tsinke ta jero mata sunayen duniyoyin da ke kewaya rana, majina tana zuba, sannan ta nemi wuri ta zauna.

Ranar Litinin suka ɗauke ta zuwa gidan rediyo. Mai gabatarwa, wanda ashe gajere ne mai sanƙo, ya saurare su yana juya biro a hannu. Tsinke kuwa tun shigarsu ta shige ƙarƙashin tebur, ta riƙe ƙafar uwarta.

"Malam, kai ne na uku da ya zo karɓar dutsen gugan nan," in ji shi. "Na baya ma da kakarsa ya zo." Ya sunkuya. "'Yan mata, ƙasusuwa nawa ne a jikin mutum?"

Aka lallashe ta, aka yi alkawarin alewa, ko tari ba ta yi ba. Mai gabatarwa ya fara kallon ƙofa, inda mai gadi yake tsaye. Mai aski har ya soma tunanin ko shi ne bai gani daidai ba a bayan labule.

Matarsa ce ta zura hannu a jaka, ta miƙa wayarta ƙarƙashin tebur. Jim kaɗan wayar da ke gaban mai gabatarwa ta yi ƙara. Ya ɗauka.

"Rannan ka ce jemage tsuntsu ne," in ji muryar, ta waya da kuma ta ƙarƙashin tebur. "Ba tsuntsu ba ne. Haihuwa yake yi, yana shayarwa."

Mutumin ya daɗe riƙe da wayar a kunne. Sannan ya tashi da kansa ya ɗauko kwalin kyautar.

Dutsen gugan bai taɓa ganin wuta ba. Suna isa gida Tsinke ta naɗe shi da tawul, ta ce jaririnta ne, ta zauna tana ba shi ruwa da cokali. Duk wanda ya miƙa hannu sai ta ce a yi a hankali, barci yake yi. Mai aski ya ci gaba da kai kayansa wajen mai guga.