Rabin Murfin Kabo

Shekara bakwai Kulu tana kallon ƙanenta Kabo yana feshin gonar wakensu a Dudunni da rabin murfin magani, alhali cikakken murfi aka ce a zuba a famfo. Shi a dole mai dabara ne, kwalba ɗaya ta kai shi damina biyu, har yana koya wa mutane a majalisa.

Tsutsa mai rauni dai takan mutu. Mai taurin rai kuwa ta sha rabin murfin ta miƙe, ta hayayyafa, 'ya'yanta su gaji taurinta. Kulu ta faɗa masa tun ba a je ko'ina ba, ya ce ina mace ta san noma.

Bana murfi uku ya zuba, fure ya kakkaɓe, tsutsar ko gezau. Ya shigo gida yana huci, wai maƙwabta sun yi wa gonar asiri.

Kulu ta taɓe baki, ko faifan hannunta ba ta ajiye ba. "Wane asiri, Kabo? Kai ka kashe ragwaye, ka bar ƙarfafa su yi iri. Ashe tsutsa kake kiwo, mu muna zaton wake kake nomawa."