Turaren Hawwa a Cikin Fanka

Ɗalha mai gyaran kwamfuta a bakin titin Kankia mutum ne mai cika baki. Kullum cewa yake na'urar gwaji kayan malalata ce, shi hancinsa da kunnensa sun ishe shi. In aka kawo masa kwamfuta sai ya kara kunne, ya shinshina, ya faɗi ciwonta. Sau da yawa kuma yakan dace, abin da ya ƙara masa girman kai ke nan.

Sai Allah ya haɗa shi da laftof ɗin Malama Hawwa, wadda ke buga wa mutane takardu a Kusada. Da an kunna ta ta yi minti goma, sai ta mutu ɗif. Zuwan farko ya canja batir. Zuwa na biyu ya canja caja. A na uku Hawwa ta dire ta a kan tebur, fuska ba annuri.

"Malam Ɗalha, sau ukku ke nan. In ba ta gyaru yau ba, Kano zan kai ta. Kuma duk wanda ya tambaye ni cikin mota, gaskiya zan faɗa mashi."

Rabin masu kawo wa Ɗalha aiki daga Kusada suke, kuma a motar nan ake ɗaga mutum, a nan ake kayar da shi. Ya haɗiye girman kansa ya leƙa shagon maƙwabcinsa Babba, wanda ya sha yi wa dariya saboda ya sayi na'urar gwaji.

"A'a! Mai hanci, mura ta kama ka?" in ji Babba.

"Ba ni aro, ka bar surutu."

Babba ya biyo shi da na'urar, ya jona. Lambobi suka nuna batir lafiya, caja lafiya, zafi ne kawai ke hawa kamar an hura murhu. Ɗalha ya kwance wajen fanka. Wani baƙin danƙo ya toshe ta, ƙamshin turaren wuta ya cika shagon.

"Malama, mi ya kai turare nan ciki?"

"Ni ke turara ta," in ji Hawwa, ko a jikinta. "Kowace safiya nakan ɗora ta bisa kasko, yadda nike wa tufafi. Masu kawo aiki na yabon ƙamshin."

Babba ya dubi Ɗalha. "Kai da hancinka, duk wanga ƙamshi ba ka ji ba?"

Ɗalha ya sosa ƙeya. Ya ji mana, tun zuwan farko. Ya ɗauka ƙamshin mai kwamfutar ne, kuma wane ɗan mutunci ne zai tsaya shinshinar turaren matar mutane? Kunya ce ta sa ya kau da kai har sau biyu.

Da ya faɗi haka, Babba ya yi dariya har da riƙe ciki. Hawwa ma ta ja mayafi ta rufe baki.

Ɗalha ya wanke fankar tas, ya mayar. Laftof ta yi awa guda tana aiki ba ta ko yi tari ba. Daɗi ya kama shi ƙwarai.

Hawwa ta sa ta a jaka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Akwai kwamfutoci biyu a makarantar maƙwabtanmu, zan ce su kawo maka. Amma ka sayi na'urar gwajin nan, Malam. Ita ba ta jin kunyar kowa."